Abin da Malam Ya Rubuta a Gefe

Na daɗe ina kewaye wannan babin. Na rubuta muku ƙuruciyata a Argungu, na rubuta zuwana Birnin Kebbi, na rubuta haihuwarku ɗaya bayan ɗaya, duk hannuna bai yi nauyi ba sai da na iso shekarar da aka ƙone littattafaina. Na san abin da kuke faɗa a tsakaninku. Kuna cewa Luba ce ta yi rawar kai, ta ɗauko na'urarta ta ofis ta lalata wa Inna abin da ta fi so, shi ya sa Inna ta yi wata bakwai ba ta ɗaga wayarta. Na ji kuna faɗa, na yi shiru, shirun nan nawa kuka riƙe a matsayin shaida. Na gaji da riƙon abin nan ni kaɗai. Ku karanta har ƙarshe kafin wani ya kira wani.

Littattafan sun shigo rayuwata ina goyon Kulu. Wata dillaliya ce ke bi gida-gida da turare da atamfa, a ƙasan jakarta kuma akwai ƙananan littattafan soyayya da ake kawowa daga Kano, masu siririn bango da hoton budurwa ta yi tagumi. Na karɓi ɗaya don in gwada ko bokon da na yi a firamare yana nan, ban tashi daga wurin ba sai da na ji ƙaurin tuwona. Daga ranar na zama mutum biyu. Ɗaya tana surfe da wanki a gidan malamai, ɗayar tana can wata duniya inda saurayi ke tsayawa cikin ruwan sama don kawai ya ga giftawar masoyiyarsa, inda ake rubuta wasiƙa a fesa mata turare. Na yi shekaru ina jiran ranar da mahaifinku zai ɗaga labule ya kira ni da wani suna mai daɗi irin na cikin littafi. Bai taɓa yi ba. Kun san shi. Da safe yana zaure da ɗalibai, da hantsi ya hau babur ya nufi fadamarsa ta Ambursa, da yamma ya dawo ƙafafunsa duk laka, ya ce sannu da gida, in ce sannu da zuwa. In ya yi mini doguwar magana, to farashin taki ne ya tashi.

Wata rana na nemi littafin da nake ɓoyewa ƙarƙashin katifa na rasa. Kwana biyu ina jiran wa'azi. A rana ta uku sai ga shi a inda na bar shi. Na buɗe inda na tsaya, wurin da saurayin labarin ya yi kwana uku bai ci abinci ba saboda an hana shi ganin budurwarsa, sai na ga an yi rubutu a gefen shafin da fensir, da ajami, ƙanana-ƙanana, irin hannun da yake yi wa littattafansa na karatu sharhi da shi.

"Wanga bai taɓa noman shinkahwa ba."

Na yi dariya har na zauna a ƙasa. Sannan na nemo guntun fensir, ni ma da ajamin da na koya a makarantar allo, na rubuta a ƙarƙashi:

"Kai ka san so?"

Na mayar da littafin. Sati biyu ba amsa, har na fara jin kunyar kaina. Sai wata Juma'a na duba na ga ya ƙara layi ɗaya.

"Na san shi. Bai hana ni cin tuwo ba."

Wannan ita ce wasiƙar soyayya ta farko da aka taɓa rubuta mini, ba turare a jikinta, sai ɗan dattin yatsa. Haka muka ci gaba fiye da shekara talatin. Ba mu taɓa yin maganar da baki ba, ko sau ɗaya. In na gama littafi in ajiye a kan akwati, in ya ɓace na san yana wurinsa, in ya dawo in jira sai gida ya yi tsit bayan azahar in buɗe. Wani lokaci tsokana ce, ya ce marubucin nan bai san nisan Kano da Legas ba. Wani lokaci kuma abin da bakinsa ba zai iya ɗauka ba ne. Da na haifi Luba na tafi Argungu wankan jego, na dawo na tarar ya rubuta a gefen wani shafi cewa gidan ya yi masa faɗi. Da muka rasa ɗan'uwanku da bai kai suna ba, bai ce mini komai ba sai haƙuri, amma a littafin da nake karantawa a lokacin ya cika gefe biyu, na kuma yi kwanaki ina komawa wurin. In mun yi faɗa, a can muke shiryawa. Ku kuna ganin tsoho mai gemu da tsohuwa mai son tatsuniyar 'yan mata. Aurenmu yana cikin akwatunan ƙarfe uku da ke ƙarƙashin gadona, littafi ɗari huɗu da 'yan kai.

Yanar ido ta fara rufe mini gani shekara guda kafin rasuwarsa. Da farko fensir ne ya ɓace mini, sannan baƙaƙen boko suka bi baya, har ya zama fuskar mutum ma sai in ya matso. A wannan shekarar ne ciwo ya kwantar da shi, ya bar fadama, ya bar zaure. Sai ya sa na jawo masa akwati ɗaya kusa da shimfiɗarsa. Da rana, in kun watse, ina jin ƙarar reza yana fere fensir, ina jin takarda tana motsi. Ran nan na kasa haƙuri, na karya dokarmu ta shekara talatin.

"Malam, mi kake ta rubutawa? Ka san ba ni gani."

Ya ci gaba da rubutunsa. Can ya ce:

"Za ki gani."

Bai ƙara ba, ni ma ban ƙara ba. Bayan wata huɗu aka ɗauke shi. Ya bar mini rubutun shekara guda cur wanda ban karanta ko harafi ɗaya a ciki ba, ban ma san a waɗanne littattafan ya zuba shi ba. Shi ne abin da na rayu dominsa a shekarun da suka biyo baya. Likita ya ce a jira yanar ta nuna kafin a yi aiki, sai hawan jini ya sa aka ɗaga, aka sake ɗagawa. Ni kuwa ina zaune a gidan da ya fara gajiya kamar ni. Damina biyu rufin ɗakina yana yoyo, sanyi ya shiga akwatunan, gara ta samu hanya ta ƙasan ɗaya. In na buɗe sai wani wari ya taso, in yi ta tari har ƙirjina ya yi zafi. Babbanku ya zo daga Argungu ya duba bango, ya duba ni, ya ce kafin wata damina zan koma wurinsa, ya riga ya gyara mini ɗaki. Likitan ƙirji kuma ya ce tsofaffin takardun nan kada su sake kwana ɗaki ɗaya da ni.

Luba ce ta kawo dabara. A lokacin tana da cikin fari, tana aiki a wani ofis nan Birnin Kebbi. Wata Asabar ta shigo da kwali a ka, ta sauke a tsakar ɗakin Malam.

"Inna, ga maganin kukanki. Sikana sunanta. Hoton takarda take ɗauka ta zuba cikin kwamhuta. In mun gama sai in sa miki su duka cikin babbar waya, ki buɗe da yatsa biyu, harafi ya zama kamar kan ɗan yatsa. Ba gara, ba wari."

"Duk abin da ke kan takardar take ɗauka?"

"Duka, Inna."

Ban yi barcin rana ba ranar don murna. Na ce a raina ko aikin ido bai yi kyau ba, na'urar nan za ta ƙara mini girman hannun Malam har in gani.

Ban san aiki ne mai cin rai haka ba. Na'urar kamar faifai ce mai murfi. A ɗaga murfin, a kifa shafi biyu a kan gilashi, a rufe, a danna, wani haske ya bi ta ƙasa a hankali yana gurnani, a ɗaga, a juya shafi, a sake. Littafi ɗaya sai ya ci rabin awa in bai yi gardama ba, kuma yawancinsu masu gardama ne. Ƙarafunan da aka ɗinke tsakiyarsu da su sun yi tsatsa sun ci takarda, sai an cire su kafin shafi ya kwanta. Wannan ya zama aikina, tunda ba ya son ido. Ina zaune a tabarma da 'yar wuƙa, ina laluben ƙarfe da yatsa ina ɓanɓarewa, in share kowane shafi da gashin kaza saboda kashin gara, in miƙa mata. Bazara ce, irin ta Kebbi da ko bango ka jingina sai ya ƙone ka. A kawo wuta mu yi littafi uku, a ɗauke, mu zauna muna fifita muna kallon na'urar kamar majinyaci. Luba ta taso daga aiki da la'asar ƙafafunta a kumbure, ta tsaya a gaban tebur har magariba, hannu ɗaya a ƙugu. Asabar da Lahadi tun hantsi. Wata uku da rabi muka yi a haka. Kulu takan leƙo ta tsaya a bakin ƙofa tana mana dariya.

"Oh ni! Mutane na sa karatun addini cikin waya, ku kuna sa Alhaji ya ga budurwa ya faɗi sumamme. Luba, ki yi hankali kar ɗan cikinki ya hito da wasiƙa a hannu."

"In ya hito da ita ke za mu ba ki karanta, Yaya, tunda mijinki bai taɓa rubuta miki ko lissahin cehwane ba."

"Inna, kin ji ɗiyarki ko? Ke kinka lalata ta."

Ina dariya tare da su, amma hankalina yana kan yatsuna. Duk shafin da na shafa, ina jin ɗan kwarmin da fensir ya bari a gefe, in ce a raina ko wannan yana cikin na ƙarshen.

A rana ta biyu da fara aikin ne abin ya faru, kuma minti ɗaya bai cika ba. Na miƙa mata wasu shafuka, na ji ba ta ɗaga murfin ba. Na ji tana juya takardar. Sannan ta ce, da wata murya a hankali:

"Inna, wanga rubutun ajami da ke gefe fa? Wa yar rubuta shi?"

Ku 'ya'yana ne, kun san yadda aka rene mu. Ban taɓa kiran sunan mahaifinku ba. Ban taɓa zama kusa da shi a gabanku ba. Babbanku har yau ban iya faɗin sunansa. To ta yaya zan dubi autata, da ciki a jikinta, in ce mata wannan hirar soyayya ce tsakanina da ubanki? Na sunkuyar da kai. Na tuna a da ina ba matan unguwa hayar wasu littattafan, sai bakina ya riga hankalina.

"Shirmen 'yan haya na. Ci gaba da aikinki."

"To, Inna."

Na ji ta daɗe tana danne-danne a kwamfuta kafin ta kifa shafin. Ban tambaya ba. Na ma ji daɗi, na ce na tsallake. Na tabbatar wa kaina cewa yarinyar boko ce, ajamin Hausa ba zai karantu gare ta ba, na'ura kuma ba ruwanta, duk abin da ta gani za ta ɗauka. A cikin wata uku da rabin nan na samu dama fiye da ɗari in gyara maganata. Sau da yawa nakan buɗe baki, sai in ji abin da ya fito shi ne:

"Komai na hitowa dai ko?"

"Tas, Inna. Kamar yau anka buga su."

Takan juyo mini da fuskar kwamfutar, in matso har hancina ya kusa taɓawa, in ga fari da baƙi suna iyo kamar hazo a kan gulbi. In gyaɗa kai in ce madalla.

Da muka gama, littattafan sun zama tarin takardu marasa ɗinki, buhu huɗu. Babbanku ya zo da mota kwashe kaya, saura kwana biyu in bar gidan. Ya tsaya a kan buhunan ya ce zai kai su sitonsa na shinkafa ya ajiye, ko ba komai gadon gida ne, in ya samu lokaci ma zai duba ya ga abin da ya ɗauke hankalin Inna shekara da shekaru. Da wasa ya faɗa. Ni kuwa ban ɗauke shi wasa ba, don shi ne ya yi karatu a gaban mahaifinku, hannun Malam ko cikin duhu zai gane shi, ajami kuma kamar ruwa yake sha. Na hango shi zaune a kan buhun shinkafa yana karanta inda na rubuta wa ubansa cewa na yi mafarkinsa. Na ce:

"A'a. Ƙone su za a yi."

"Inna, ƙonewa kuma? Mi yai zahi?"

"Kowanne da bisimilla ya fara, akwai sunan Allah ciki ko'ina. In ɓera ya ja su cikin kwata fa? Ko yara su kai wa mai ƙosai? Ai suna cikin waya. A ƙone, a binne tokar, shi ne mutuncinsu."

Hujja ce da ɗan malamai ba zai iya musu da ita ba, na kuma san haka lokacin da na zaɓe ta. Luba tana tsaye a wurin. Ta ce:

"Inna, ki bari sai an yi miki aikin ido mana. Ki gani da kanki tukuna."

"Na ce a ƙone."

Ku lura da wannan, ku da kuke cewa ita ta yi gaggawa. Ita ta ce a jira. Ni na ƙi.

Bayan la'asar aka haƙa rami a bayan gida, kusa da bishiyar darbejiya. Ni da hannuna na riƙa ɗiban takardun ina zubawa. Ba su kama da sauri ba saboda sanyin da suka sha, suka yi ta hayaƙi mai kauri, ina tari ina ƙarawa. A littattafan da na karanta, in mace ta ƙone wasiƙun masoyinta kuka take yi har ta faɗi. Ni ban yi ba. Zuciyata a sake take, ina ganin na yi wayo, na ɓoye sirrina a inda ba mai gani sai ni. Kafin magariba aka mayar da ƙasa.

Wata biyu da komawata Argungu aka yi mini aiki a idon dama. Ranar da aka cire bandeji na ga jikokina a karon farko da fuskokinsu na gaskiya, na ga ashe zanen da nake ɗaurawa shuɗi ne ba baƙi ba. Likita ya ce kada in kalli waya sai bayan sati biyu. Na ƙirga kwanakin nan kamar amarya. Ranar da suka cika na yi wanka da hantsi, na shafa turare, abin dariya, tsohuwa da jikoki goma sha ɗaya. Na rufe ƙofa, na ɗauko babbar wayar, na buɗe littafin farko, na nemi shafin saurayin da ya ƙi cin abinci. Ga labarin nan, baƙaƙe tas kamar yau aka buga. Gefen shafin fari fat. Na sa yatsa biyu na buɗe, na buɗe, har harafi ɗaya ya cika fuskar wayar. Ba komai. Na buɗe wani littafin, na buɗe wani. Har azahar ta wuce ban tashi ba, har la'asar. Na bi ɗari huɗu da 'yan kai ɗin nan cikin kwana tara, shafi-shafi, idon da aka gyara yana zubar da ruwa. Ko ɗigon fensir ɗaya babu.

Na kira Luba na ce mata kalma huɗu, "Kin cuce ni, Luba," na kashe wayar. Matar babbanku tana tsakar gida ta ji, daga nan maganar ta bazu a cikinku cewa Luba ta ɓata aikin, littattafan Inna ba su fito daidai ba. Kuka yi ta kiranta kuna faɗa. Ba ta kare kanta ba. Ta haihu, na je suna na zauna cikin baƙi kamar maƙwabciya, na ɗauki jaririn na mayar, ban kwana ba. Wankan jegonta ƙanwar mijinta ce ta tsaya mata. Wannan abin ina jin nauyinsa fiye da tokar da ke bayan gidanmu. Na san sarai bakina ne ya jawo, amma fushi da ita ya fi mini sauƙi a kan in zauna da kaina.

Wata na bakwai na gaji. Ba wani abu ne ya faru ba, gajiya ce kawai, irin wadda mutum ke ji in ya daɗe da kaya a ka. Na shiga motar haya daga Argungu ban gaya wa kowa ba, na sauka Birnin Kebbi da hantsi. Na same ta a tsakar gida tana shanya kayan yaro. Ta gan ni ta durƙusa ta gaishe ni, ta kawo ruwa, ta koma gefe ta zauna tana kallon ƙasa. Na kasa kallonta ni ma. Na dubi igiyar shanya na ce:

"Rubutun da kinka tambaye ni. Ba 'yan haya ba ne. Mahaihinku na."

"Na sani, Inna."

Na juyo.

"Kin sani?"

"Hannun Baba fa. Shi yar rubuta min fatiha a allo. Tun shafin farko na gane."

"To don mi kinka goge?"

Sai a lokacin ta ɗago, idanunta sun cika.

"Na tambaye ki don in ji abin da kike so a yi da shi. Kinka ce shirme na. Na ga yadda kinka sunkuyar da kai. Kuma kin san wayar nan hannun kowa za ta shiga, su Yaya, da jikoki. Sai na ɗauka so kike in rufa miki asiri ba tare da kin faɗa ba. Na'urar na da wurin da ake sa ta ta ɗauki baƙin bugu kawai ta bar abin da bai yi duhu ba. Inda fensirin ya yi ƙarfi ya hito, da hannuna na bi na share. Shi ya sa aikin ya daɗe. Na ɗauka kin haddace su duka, Inna. Ban san akwai wanda ba ki karanta ba."

"Ba ki ajiye na farkon ba? Ko guda?"

"Ko guda. Tsoro nike wani ya gani."

Wato duk tsayuwar nan da ta yi da ciki, rabinta goge ubanta take yi don kada uwarta ta ji kunya. Kuma da kuka taso mata, ta gwammace ku zage ta da ta faɗa muku abin da ke gefen takardun. Na ajiye kofin ruwan. Yaron ya motsa a ɗaki ya koma barci. Can ta ce, ba ta dube ni ba:

"Akwai wuri ɗaya da na karanta. Ban yi niyya ba. Cikin akwatin da ke kusa da shimfiɗarsa, wani mai koren bango. Hannun ya yi rawa sosai, shi ya sa na tsaya in gane ko nasa ne."

Na matso kusa da ita.

"Mi ya ce?"

"Ya ce, ranar da idonki ya buɗe, ki fara da nan."

"Sai mi?"

"Nan na tsaya, Inna. Na ga ba ni anka rubuta wa ba."

"Yana da yawa?"

"Ya cika gehen shahin, ya juya baya, ya ci gaba har bangon ƙarshe."

Na daɗe ina kallon hannuwana. Na nemi fushin da na zo da ragowarsa na rasa. Yarinyar nan tarbiyyar da na ba ta ce ta bi, ba ta kauce ko taki ɗaya ba. Da ta kasance marar kunya, da yau na san abin da mijina ya ce mini.

Na ce ta ɗauko mini yaron. Ta kawo shi, na karɓa, na kwance ɗan zanen da ta naɗe shi da shi don zafi ya yi yawa. Na tambaye ta ko akwai sauran ruwan zafi a gidan. Ta ce akwai. Na ce ta kawo da baho, wankan da ban yi masa ba tun haihuwarsa zan yi yanzu, in kuma ta ga hannuna yana rawa kada ta karɓe shi, ta bar ni in gama.